Gashin ƙashi ya taimake ni, amma zama na 9 har yanzu yana ci min rai

Shekara biyu ina fama da ƙugu, amma ƙafafuna ne suka fi ba ni wahala. Daga gida zuwa masallacin unguwa sai na nemi dakali na zauna, cinyoyi sun yi nauyi, ƙafa ta sage kamar ba tawa ba. Tsayuwar sallah azaba ce, ina yin ruku'u kuma sai in ji sanyi. Da aka yi min hoton MRI, likita ya nuna min inda hanyar jijiyoyi ta matse tsakanin ƙashin ƙugu na 4 da na 5. Ya ce tunda ina riƙe fitsari da bahaya kuma ƙafar ba ta shanye ba, a fara da gashi kafin a yi zancen aiki.

Na biya zama 12 a wata cibiyar gashin ƙashi a nan Kano, kuɗin kun san ba na wasa ba ne. Matashin da aka haɗa ni da shi, Allah ya yi masa albarka, shi ya fara fahimtar da ni cewa sunkuyawa tana buɗe hanyar, banƙarewa kuma tana ƙara matse ta. Ya ɗora ni kan keken motsa jiki, daga minti 5 har na kai 20, ya koya min kwanciya rigingine in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. Wata guda na isa masallaci ban zauna a hanya ba, na kuma rage shan diclofenac, maganin kashe zafin ciwo da ke tayar min da gyambon ciki.

Sai ranar zama na 9 na tarar ba ya nan. Wanda ya karɓe ni ko fayil ɗina bai buɗe ba, ya ce in kwanta rub da ciki in dafa hannu in banƙare. Na ce, "Ɗana, wancan ya hana ni wannan fa." Ya ce, "Baba, haka ake yi wa duk mai ciwon baya." Na ji nauyin yin gardama, na yi sau goma. Kafin in kai bakin titi ƙafar hagu ta ɗauki zugi har tafin ƙafa. Kwana uku a zaune nake sallah, barci sai na naɗe kamar jariri.

Da na kai ƙorafi, ba wanda ya ce min yi haƙuri, kuma suka lissafa zaman cikin kuɗina. Wannan ya fi zugin zafi a wurina. Dattijo ya faɗa maka abin da aka hana shi, me zai hana ka duba takarda?

Na ƙarasa sauran zama uku, amma sai da na riƙa buga waya in tabbatar matashin farko yana nan. Yanzu na sayi keke na hannu na ajiye a zaure. Ƙafar tana sagewa idan na daɗe a tsaye, saboda haka tarawihin bana da kujerata na je.