Injin leza mai wat 20: yana yanka, amma ku san wannan kafin ku saya

Masu turo min saƙo suna tambaya ko su sayi injin yanka da zane na leza mai wat 20, amsata ita ce wajen yanka ba ni da ƙorafi ko kaɗan, amma in zane mai laushi kake so a kan fata ko hoton fuska a katako to ɗan dakata tukuna.

Abin da yawancin dillalai ba sa faɗa shi ne ba dayod (ɗan abin da ke fitar da hasken leza) ɗaya ba ne a cikin kan injin. Guda huɗu ne masu shuɗin haske, kowanne wajen wat 5 da ɗoriya, sai aka jera ƙananan madubai suna tattaro haskensu wuri guda. Kuma dama can hasken irin wannan dayod ba zagayayye ba ne, bakin da yake fitowa siriri ne ta gefe ɗaya mai faɗi ta ɗayan, ta wajen faɗin nan kuma hasken kashi-kashi yake a ciki, yana sauya kama in zafi ko ƙarfin wuta ya canja, to ka haɗa irinsu huɗu ai dole ɗigon hasken ya fi na ƙaramin inji kauri.

A ina za ka ga haka? Yanka ɗan murabba'i a falawud mai kaurin milimita 3. Gefe biyu za su fita tsaf, layin siriri, sauran biyun layin ya fi faɗi ya fi ƙuna, wani lokacin ma ba ya ratsawa sai ka juya katakon ka ga ɗan zare-zare ya riƙe shi a baya. Ba lalacewa ba ce, haka hasken yake. Ni dai rage gudu nake yi, in kuma akwatin da ake haɗawa ne sai na gyara ma'aunin yankan a LightBurn, manhajar da ke sarrafa injin, in gwada a guntu kafin in taɓa kayan kwastoma.

Sai zafi, wannan shi ya fi damuna wallahi. Da safe aiki garau, amma da rana ta take a shago, musamman watan Afrilu, in ya daɗe yana gudu sai ka ga zanen ƙarshe ya fi na farko dishi-dishi alhali saitin bai canja ba. 'Yar fankar da ke kai ba ta isa, na ƙara masa ta tsaye ina kuma ba shi hutu. Lokacin hunturu kuwa ƙura da hayaƙi ke taruwa a gilashin da hasken ke fitowa ta ciki, in ba ka gogewa hasken watsewa yake.

Akirilik mai garai-garai, wato roba mai kama da gilashi, kar ma ka wahalar da kanka, shuɗin haske wucewa yake ta cikinsa. Ƙarfe mai sheƙi kuma yana iya mayar da hasken cikin dayod ɗin ya ji masa. Don Allah kar wanda ya sa ledar PVC a ciki, hayaƙinta guba ne, kuma tabarau na kariya daga hasken leza dole ne, har yaran shago.

Mai yankan katako da kwali ya saya, a haɗa da famfon da ke hura iska a wurin yankan. Mai zane a jaka da takalmi, na wat 5 ko 10 ya fi masa kyau kuma ya fi arha.