Sola a shagon firiza a Aboabo: abin da shekara guda ta nuna

Kayan da muka ɗora a shagon kifi da kaji a Aboabo, Kumasi, su ne farantan sola 6 masu wat 550 kowanne, inbata (na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin ta gida) mai 5kVA da ke karɓar wutar ECG, kamfanin lantarki na Ghana, idan rana ta gaza, da batirin lithiyom 48V 100Ah, mai riƙe wajen yunit 5 na wuta, irin wanda mita ke ƙirgawa. Suna ɗaukar firiza biyu, fanka uku da fitilu.

Ranar da gari ya waye tas, farantan kan ba da yunit 12 zuwa 13. A Yuli da Agusta kuwa, hadari na rufe Kumasi, sai a koma 7 ko 8. Da hunturu ƙura ce matsalar, dole a wanke su da ruwa da tsumma mai laushi duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Batiri ne ke cinye jarin. Na dalma mai ruwan asid ya fi araha, amma rabin cajinsa kawai ake sha, kuma a zafin Zango da wuya ya wuce shekara 3. Na lithiyom ana shan kashi 80 cikin 100 ba fargaba. Sai dai daga waje yake zuwa, da dala ake lissafinsa, duk wanda ya ga faɗuwar sidi, kuɗin Ghana, a 2022 ya san yadda farashi ke sauyawa tsakanin ciniki da biya. Mai niyyar ƙara batiri na biyu ya sayo su tare, don tsoho da sabo ba sa jituwa.

Inda muka ji jiki shi ne hannun mai haɗawa. Wayar 4mm ya ja daga rufi inda nisan ke neman 6mm, mahaɗa ta riƙa ɗumi. Bai kafa sandar ƙasa ba, bai sa abin tare tsawa ba, damina ta farko allon cikin inbata ya ƙone. A nemi mai lasisin Hukumar Makamashi ta Ghana, a karɓi garanti a rubuce.

Wani abu kuma: firiza na fizgar wuta ninki uku ko fiye yayin tashi, kada a kunna biyun lokaci guda.

Ga mai sana'ar rana, sola ya cancanci kuɗinsa, tsoron dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya kau. Gidan da sai dare ake kunna kaya kuwa, batirin da zai buƙata zai ninka wannan.