Pilgrim's Rest: Sharhi Kan Yini Guda da Iyali a Tsohon Garin Zinariya

Magidancin da ya sauka da iyalinsa a lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu, yana kuma neman inda yara za su yini su ƙaru da wani abu bayan kallon duwatsu da gangaren ruwa, ina ganin bai kamata ya tsallake garin Pilgrim's Rest ba. Garin yana cikin wani kwari tsakanin tsaunuka, tafiyar 'yan mintuna daga Graskop a kan hanyar R533. Mu daga Mbombela muka taso da sassafe, muka bi ta Sabie, kuma ko da yake tafiyar ba ta da nisa sosai, hazo da kwane-kwanen hanya da ramukan da ke wasu wurare sun tilasta mana tafiya a hankali.

Asalin garin ya faro ne a 1873, lokacin da wani mahaƙi mai suna Alec Patterson, wanda ya yi suna da tura kayansa a baro, ya tsinci zinariya a ƙoramar da ke wannan kwari. Ya so ya ɓoye abin da ya gani, amma ba da daɗewa ba wani mahaƙin, William Trafford, ya iso wurin, labari ya bazu, aka ayyana yankin a matsayin filin haƙar zinariya a watan Satumba na wannan shekarar. Kafin shekara ta zagayo mahaƙa kimanin 1,500 sun cika bakin ruwan da tantuna. Da zinariyar da ke cikin yashi ta ja baya, sai aikin ya fi ƙarfin mai shebur da faranti, ya koma hannun kamfanoni masu injuna da ke bin jijiyarta cikin dutse, waɗanda a tsakiyar shekarun 1890 suka haɗe suka zama kamfanin Transvaal Gold Mining Estates. An rufe ramin ƙarshe, wato Beta, a 1972, sannan a 1986 aka sanya garin baki ɗaya cikin wuraren tarihin ƙasa. Gidajen katako ne da kwanon rufi, domin waɗanda suka gina su ba su zaci za a daɗe a wurin ba, kuma haka suke jere har yau a gefen titi guda da ya ratsa unguwar sama da ta ƙasa.

Abin da ya fi komai daraja a wannan ziyara shi ne wankin zinariya a bakin ƙorama, a filin da aka sake kafa tantuna da bukkokin mahaƙan farko. Jagoranmu, wani dattijo ɗan yankin mai haƙuri da yara, ya ɗebi tsakuwa da laka a wani faffaɗan faranti, ya nutsa shi cikin ruwa, ya riƙa girgiza shi yana karkatar da bakinsa kaɗan kaɗan domin ruwa ya tafi da abin da ba shi da nauyi. Ya bayyana mana cewa zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, saboda haka duk girgizar da aka yi ƙasa take ƙara nutsewa, yayin da yashi da tsakuwa ke tasowa sama. Aikin ya yi kama da rairayar hatsi a ƙwarya, sai dai a nan abin da ya kwanta a ƙasa shi ake nema. Bayan haka ya miƙa wa yaran faranti. Ruwan yana da sanyi ƙwarai, tsugunon yana cin baya da gwiwa, kuma gaggawa kaɗan ta isa ta zubar da duk abin da aka tara. Babbar 'yata ta daɗe tana juyawa kafin wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli, waɗanda ba su kai girman ƙwayar gero ba, su bayyana cikin baƙin yashin da ya rage. Ta ɗago ta ce, "Baba, yanzu duk wahalar nan a kan wannan ɗan abin ne?" Na yi farin ciki da tambayar, domin yaron da ya saba ganin zinariya a wuyan mahaifiyarsa ko a shagon maƙera ba ya sanin yawan ƙasar da ake juyawa kafin a tara abin da zai yi zobe guda. An taɓa gudanar da gasar wankin zinariya ta duniya a wannan gari, kuma wanda ya ga saurin hannun mutanen wurin ba zai yi mamakin hakan ba.

Daga nan muka wuce Alanglade, katafaren gidan da aka gina wa manajan ma'adinan a 1915, can nesa da ƙura da ƙarar injuna. An ƙawata ɗakunan da kayan zamanin, tun daga kujerun falo da tufafi har zuwa kayan wasan yara da na ɗakin girki, kuma uwargidana ta fi jin daɗin wannan sashe fiye da kowa. Ni kuwa a nan ne na fara jin akwai giɓi a yadda garin ke ba da labarinsa. Ana sanar da baƙo sunayen Turawan da suka tsinci zinariya, da na manajoji da 'yan kasuwa, har da na 'yan fashin da suka tare keken dawakin da ke ɗauke da dukiya a 1899 da 1912 a mashigar dutsen da ake kira Robber's Pass, amma ɗimbin leburori baƙar fata, 'yan yankin da waɗanda suka zo ci-rani daga Mozambik, waɗanda su ne suka shiga ramukan suka fasa dutsen, sai dai a hango su a bayan tsofaffin hotuna ba suna. Sai da na tambayi jagoran kafin ya yi mana bayanin inda suke kwana da irin aikin da suke yi, kuma ya yi bayanin da kyau. Shawarata ga iyaye ita ce su yi wannan tambaya a gaban 'ya'yansu, kada su jira a kawo zancen.

Maƙabartar garin tana kan tudu, hawanta da ɗan wuya ga tsofaffi, amma ta cancanci a je. Rubutun da ke kan duwatsun kaburbura yana nuna mutane daga ƙasashe dabam-dabam, da yawansu matasa da ƙananan yara, waɗanda cuta ko haɗarin rami ya ɗauke. A cikinsu akwai kabarin da ya saɓa wa sauran, yana kwance kudu da arewa, wanda ake cewa na wani ɓarawo ne da aka kama yana sata a tantunan mahaƙa. Yara sun fi ɗokin wannan kabari, amma na ja hankalinsu ga shekarun da aka rubuta a kan na kusa da shi.

Sauran wuraren ba sa cin lokaci. Akwai tsohon kanti cike da gwangwanaye da kayan masarufin wancan zamani, da maɗaba'ar jaridar garin, da otal ɗin Royal, wanda mashayarsa asalinta ƙaramar majami'a ce da aka kwance daga birnin da yanzu ake kira Maputo aka kawo a amalanken shanu. Mun kuma ji labarin sulallan zinariya 986 da Turawan Boer, wato Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holland, suka buga a nan a 1902, ana dab da ƙare yaƙinsu da Birtaniya, da injunan da suka harhaɗa a ma'aikatar kamfanin haƙar zinariyar.

Akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Da muka dawo inda muka ajiye mota, mun tarar wasu samari sun wanke ta ba tare da mun sa su ba, suna jiran lada. Na biya su, domin a fili yake cewa aikin yi ya yi ƙaranci a garin tun da ramuka suka rufe, amma ya fi kyau mutum ya faɗi matsayinsa tun yana fitowa daga mota. Wasu gine-ginen fentinsu ya kwaile, wasu kuma a kulle muka same su, abin da ya dame ni ganin cewa katako da kwano ba sa jure sakaci a wuri mai yawan ruwan sama. Ya kamata a riƙe tsabar kuɗin rand saboda masu sayar da goron makadamiya da kayan saƙa da sassaƙa a bakin titi, kuma mu da guzurinmu muka tafi, muka ci a inuwa kusa da gadar Joubert, tsohuwar gadar dutse da ke kan kogin Blyde.

Gargaɗin da jagoran ya nanata, ni ma nake nanatawa, shi ne kada a bar yara su kauce daga hanya su shiga daji. Tsaunukan cike suke da tsofaffin ramuka, kuma har yanzu masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ake kira zama zama, suna shiga wasunsu. Yaran da suka kai shekarun firamare su ne za su fi amfana, amma mai goyo ko mai tura keken jariri zai sha wahalar tudun. A fara da wankin zinariya da hantsi, a tanadi tawul da kayan canji ga yara, a kuma tambayi lokacin zagayen Alanglade tun da isowa, domin tare da jagora ake shiga gidan, sannan a kama hanyar komawa kafin magariba saboda hazon da ke sauka a kan tsaunukan.