Keken guragu ƙirar Kano: abin da muka gani bayan shekara guda da saye

Ƙanena ya kamu da cutar shan inna yana ɗan shekara uku, a daidai lokacin da aka dakatar da allurar rigakafi a Kano a 2003, kuma tun daga nan ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. Yau tela ne mai shago a bakin titi, yana da yara biyu da ke koyon ɗinki a hannunsa. Shekaru da dama yana zuwa shagon a kan kujerar asibiti mai tayoyi wadda wani ɗan uwa ya kawo mana daga waje, sai dai an ƙera ta ne domin daɓen siminti, ba domin lungunan unguwarmu masu rairayi da kwata ba. Ƙananan tayoyinta na gaba sukan nutse a ƙasa, dole sai an samu mai turawa, kuma da ɗaya daga cikinsu ta karye mun zagaye kasuwa ba mu sami irinta ba. Wannan ne ya kai mu wani wurin walda a cikin birni inda ake ƙera keken guragu mai ƙafa uku.

Kusan duk ma'aikatan wurin mutanen da shan inna ta taɓa ne. A ƙasa suke zaune suna yanka ƙarfe suna walda, kowa da kekensa a jingine a gefe. Da muka yi sallama, ni na fara bayanin abin da muke so, kamar yadda na saba yi a asibiti da banki da duk inda muka shiga tare. Maigidan wurin, dattijo mai furfura, ya saurare ni kaɗan, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Yi haƙuri Malam, bari in ji daga bakin wanda zai hau." Ya juya ga ƙanena ya tambaye shi nisan gida da shago, da irin hanyar da yake bi, da ko yakan ɗauki kaya, da wane hannu ne ya fi ƙarfi. Ya auna tsawon hannunsa da faɗin ƙugunsa, ya sa shi ya hau keken wani ma'aikaci ya zagaya fili sau biyu yana kallon yadda kafaɗarsa ke motsi. Na ji kunya a ranar, domin sai a lokacin na lura cewa na shekara ashirin ina amsa tambayoyin da shi aka yi wa.

Keken da suka ƙera mana yana da tayoyi biyu a baya da ɗaya a gaba, duka irin na keke na yau da kullum. Feda tana daidai ƙirjin mahayi, da hannu ake juya ta, sarƙa kuma tana kai ƙarfin zuwa tayar gaba, wadda ita ce kuma ake karkatarwa idan za a sha kwana. Akwai kujerar soso mai majingina, da faranti na ajiye ƙafa, da akwatin ƙarfe a baya wanda ƙanena ya roƙa a faɗaɗa masa domin yadi da ɗinkunan mutane. Babbar fa'idarsa ita ce babu wani abu a jikinsa da ba a samu a kasuwa. Taya ta yi faci, mai faci na bakin titi zai gyara; sarƙa ta tsinke ko boris ya ci, duk mai gyaran keke ya san aikin. Manyan tayoyin suna ratsa rairayi da taɓo ba tare da an tura ba, kuma kuɗinsa bai kai na sabuwar kujerar waje ba. A cikin shekarar nan ba a taɓa sake yi wa gangar jikinsa walda ba, ga shi kullum yana kan hanya.

Yana da nasa aibin. An yi mana alkawarin mako biyu, sai da muka yi wata guda muna sintiri, a cewarsu saboda rashin wutar lantarki. Fentin bai da kauri, damina ɗaya ta fito da tsatsa a wuraren walda. Soson kujerar ya kwanta cikin 'yan watanni, muka canza shi da mai tauri, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke wuni a zaune. Birkin ma yana buƙatar ɗauri akai-akai, musamman ga mai bin gangare. Hawan tudu yana gajiyar da kafaɗa sosai. Sannan keken ba ya naɗewa, saboda haka ba ya shiga adaidaita sahu, faɗinsa kuma ya fi ƙofar zaurenmu, har sai da muka fasa gefe ɗaya na ƙofar.

Sauran wahalar ba daga maƙera take ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shiga ga masu keke, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Duk da haka keken ƙanena yakan kai shi ƙofar banki ne kawai ya tsaya, domin matattakala ce a gaba, bayanta kuma ƙofar tsaro wadda mutum ɗaya a tsaye kaɗai take ɗauka. Na'urar cirar kuɗi ta fi ƙarfin hannunsa daga zaune, dole ya ba wani katinsa. Inda aka yi gangaren siminti ma, sau da yawa an yi shi a miƙe ƙwarai kamar don a fita hakkin doka, ko kuma an ajiye babura a kansa.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne sadaka. Idan ya tsaya a danja, ba a rasa mai miƙo hannu daga mota ya jefa masa naira hamsin a cinya, alhali a akwatin bayansa akwai shaddar mutane da kuɗinta ya fi albashin wasu. Mutanenmu sun daɗe da sanin masu nakasa a matsayin jama'a mai tsari da shugabanci, shi ya sa ake da sarkin guragu da sarkin makafi, amma idon da yawa daga cikinmu ya saba haɗa wannan keke da bara. Da farko yakan mayar da kuɗin, wasu su ji haushi su ce girman kai ne. Yanzu ya sa an rubuta sunan shagonsa da fenti a jikin akwatin, kuma ya ce masu jefa kuɗin sun ragu, har an samu mutum biyu da suka biyo shi da ɗinki.

Ga wanda hannayensa ke da ƙarfi kuma tafiyarsa ta cikin gari ce, ina ba da shawarar wannan keke ba tare da shakka ba, da sharaɗin mai hawan ya je da kansa a auna shi, kada a saya masa daga nesa a matsayin kyauta. Bai dace da tsoho mai rauni ko wanda ya samu lahani a laka ba sai da shawarar likita, kuma ba ya maye gurbin ƙaramar kujera a cikin ɗaki. A nemi a yi fenti shafi biyu tun farko, a kuma auna ƙofar gida kafin a biya kuɗi. Namu zai koma wurinsu kafin ruwa ya sauka domin a kankare tsatsar, kuma ƙanena ya riga ya yi magana da dattijon a kan a ɗora masa rumfa ta kare rana.