Batir biyu a shago: haɗin bolt 12 ko na bolt 24?

Wani ɗan'uwa mai shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi a wani ƙauye a ƙasar Ringim ya yi tambaya. Yana da batir biyu na sola, kowanne bolt 12, amp-awa 200, ya haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi. Firji da fanka da cajoji duka suna jan kimanin wat 600. Ya ce inbatarsa, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, tana yawan kuka da daddare alhali batir da sauran caji, kebul ɗin da ya taso daga batir kuma yana ɗaukar zafi. Kebul ɗin 4mm ne, tsawonsa mita 5. Shin ya zauna a 12, ko ya koma 24?

Malam, Allah ya ƙara wa shago albarka. Da lissafi biyu za mu auna haɗin nan biyu. Na farko: wat shi ne bolt sau amp. Na biyu kuwa dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827: turjiya, wato tirjewar da abu ke yi wa wucewar wuta, wadda ake aunawa da om, ita ce bolt a raba da amp.

Akwai abin da bai sauya ba ko kaɗan. A haɗin da kake da shi yanzu, bolt 12 sau amp-awa 400 ya ba da wat-awa 4,800. In ka haɗa jan wannan da baƙin wancan, ka samu bolt 24 sau amp-awa 200, shi ma 4,800. Duk wanda ya ce maka 24 zai ninka maka caji, ba gaskiya ya faɗa ba.

Bambancin yana cikin amp. Wat 600 a raba da 12, amp 50 ke nan. A raba da 24, amp 25. In ka juya lissafin ka nemi turjiyar kayan shagon kamar yadda batir ke ganinsu, a haɗin farko 12 a raba da 50 ya ba da om 0.24, a na biyu 24 a raba da 25 ya ba da om 0.96.

Yanzu ga kebul ɗinka, kuma nan ne matsalar take. Wuta tana tafiya ta dawo, don haka mita 5 ɗinka mita 10 ne. Tagullar kebul 4mm, wato mai faɗin baki murabba'in milimita 4, a wannan tsawo tana da turjiya kusan om 0.044. A ido ba komai ba ce. Amma ajiye ta kusa da 0.24, sai ka ga ta kusa kashi ɗaya cikin biyar. Kusa da 0.96 kuwa ba ta kai ɗaya cikin ashirin ba.

A bolt 12, amp 50 sau 0.044 yana nufin bolt 2.2 sun zube a hanya. Ɗauki mitarka ta auna bolt da dare, lokacin da firji ke aiki, ka ɗora a kan batir: za ka iya ganin 12.4. Ka je ka ɗora a bakin inbata, sai ka ga wajen 10.2. Yawancin inbatocin bolt 12 suna fara kuka ko su yanke wuta a kusa da 10.5. Inbatarka ba ta lalace ba, abin da ya iso mata ne take faɗa maka. Bolt 2.2 ɗin nan sau amp 50 kuma wat 110 ne, suna zama zafi a cikin robar kebul. Shi ne zafin da hannunka ke ji, kuma amp 50 ya fi ƙarfin 4mm. A shago mai rufin kwano da katako, a zafin Afrilu, wannan abin tsoro ne.

A bolt 24 da wannan kebul ɗin dai, abin da zai zube bolt 1.1 ne, asarar kuma wajen wat 27. Amp ya ragu da rabi, asara ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, domin zafin kebul yana bin amp sau amp sau turjiya. Kamar tiyon ban-ruwa ne a fadama: yawan ruwan da ka cusa masa shi ke sa ya wahala. Ka tuna kuma ita kanta inbata tana cin nata rabo, firji ma yana fizgar wuta ninki-ba-ninki a lokacin tashi, don haka ainihin amp ɗin ya fi wanda muka lissafa.

Bolt 12 yana da nasa amfani. Ƙwan fitila da fanka masu aiki kai tsaye da batir sun fi samuwa a 12, kuma in batir ɗaya ya mutu za ka cire shi ka lallaɓa da ɗayan. A 24, batir mai rauni yana jan ɗan'uwansa ƙasa, ga kuɗin sabuwar inbata, sai kuma ka duba ko kwantirolar cajinka da faifan solarka suna karɓar 24. Mai ɗaki ɗaya da fitila uku da rediyo, ba ruwansa da wannan ɗawainiya.

Kai dai da firji da wat 600, ni 24 nake ba ka shawara. Kafin kuɗin inbata su samu, matso da ita kusa da batir, mita 1 da rabi, ka sa kebul 16mm. Turjiya za ta sauko wajen om 0.003, asara ta koma kusan wat 8. In ka je Sabon Gari saye, ka kankare bakin kebul ɗin da wuƙa. In cikinsa fari ne, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, turjiyarsa ta fi da kusan rabi, ka bar shi. Ka sa fiyus a kan ja, dab da batir. Ranar da ka koma 24 kuma, kada ka ja bolt 12 daga batir ɗaya don fanka, domin ɗayan zai riƙa cika ya bar wannan a baya, su lalace tare.