M*A*S*H: tsohon shirin likitocin soja, har yanzu yana kalluwa kuwa?

Amsata a taƙaice ita ce eh yana kalluwa, amma ba duka ba, kuma ba don dariyar ba duk da cewa a matsayin shirin barkwanci aka yi shi. Ga wanda bai san shi ba, shirin talabijin ne na Amurka da tashar CBS ta riƙa nunawa daga 1972 zuwa 1983, zango 11, kowane kashi wajen minti 25. Labarin wani asibitin tafi-da-gidanka ne na soja mai lamba 4077 a lokacin yaƙin Koriya, tantuna ne kawai a gindin tsaunuka kusa da bakin daga, jirage masu saukar ungulu suna ta sauke musu waɗanda aka harba. Yaƙin kansa shekara 3 aka yi, 1950 zuwa 1953, shi kuwa shirin ya kwashe shekara 11, kuma lokacin da aka fara shi Amurka tana tsakiyar yaƙin Biyetnam, toh duk wanda ke kallo a wancan lokacin ya san da wa ake.

Bari in fara da inda ya tsufa don kar wani ya ce na yaudare shi. Dariyar gwangwani ɗin nan da ake sawa a bayan kowace magana tana da gundura sosai, ko su masu shirin ba son ta suka yi ba, tashar ce ta matsa, a Ingila ma BBC ba da ita ta nuna shi ba, idan ka samu wanda aka cire ta ka ɗauke shi. Sai yadda likita Hawkeye, wanda Alan Alda ya fito a matsayinsa, da abokinsa likita Trapper suke damun nas-nas a zangon farko-farko, bin mata da maganganun da a yau in likita ya yi su a wurin aiki sai ya amsa tambaya, su kuma an ɗauka abin dariya ne. Ga giya da suke dafawa a cikin tantinsu, ga Klinger da yake saka kayan mata don a ce ya haukace a sallame shi daga soja. Ba shirin da za ka kunna a falo da su Baba da yara ba ne gaskiya. Su kuma mutanen Koriya da a ƙasarsu ake yaƙin, yawanci sai dai ka gan su suna wucewa ko suna neman taimako, ba a cika ba su bakin magana ba, wannan kam ya ɓata min rai.

Amma ɗakin tiyata! Can ne shirin yake. Da ka ji Radar, ɗan yaron nan magatakarda mai tabarau, ya tsaya cak yana sauraron jirage tun kafin kowa ya ji ƙararsu, shikenan wasa ya ƙare, kowa ya ruga. A waje ake tantance su, wannan yanzu-yanzu, wannan zai iya jira, wannan kuwa ko an shiga da shi ba zai kai ba a ba da tebur ɗin ga wani. Su tsaya a kan ƙafa dare da rana suna ɗinke yara 'yan shekara sha takwas sha tara, jini ya ƙare, magani ya yanke, an rubuta takarda sama ba amsa, kuma wanda ka ɗinke ya warke gobe a mayar da shi inda aka harbe shi. A wannan ɗakin kusan ba a sa dariyar gwangwanin ma. Anan ne za ka gane zolayar da suke yi ba iskanci ne kawai ba, da ita suke riƙe hankalinsu.

Mu nan Kaduna garin soja ne, ga NDA, ga Runduna ta 1, ga asibitin sojoji na 44, da wuya ka rasa maƙwabci ko ɗan uwa da aka tura Arewa maso Gabas ko dajin Birnin Gwari, ko dattijon da ya je Laberiya zamanin ECOMOG. Sannan duk wanda ke da nas ko likita a gida ya san yadda suke dawowa daga aikin dare ido ja wur ko magana ba sa son yi. Shi ya sa ni shirin bai yi min kama da labarin wasu Turawa can nesa ba.

Ƙarshen zango na 3 a 1975 shi ne wurin da ya fi tsaya min. An sallami shugaban asibitin, Laftanar Kanar Henry Blake, zai koma gida wurin matarsa da 'ya'yansa, an yi bankwana ana ta murna, sai ga Radar ya shigo ɗakin tiyata ba ko takunkumi a fuskarsa ya karanta cewa an harbo jirgin a kan Tekun Japan ba wanda ya tsira. Kuma ba wanda ya ajiye aiki, akwai mutum a kwance a gabansu, suna hawaye suna ci gaba da ɗinki. Wallahi fina-finan yanzu da duk kuɗin da ake zuba musu kaɗan ne suke iya irin wannan.

Daga nan shirin ya ƙara nutsuwa. Kanar Potter ya zo a madadin Blake, B.J. ya maye gurbin Trapper, daga baya Winchester ya canji wani likitan mai suna Frank Burns, ita kuma Margaret da Loretta Swit ta fito a matsayinta, Allah sarki ta rasu a 2025, ta tashi daga shugabar nas da ake tsokana ta zama mai aji da kowa ke shakka. Wasu sun ce zangon ƙarshe-ƙarshe wa'azi ya yi yawa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ni dai na fi son su a kan na farko. Kashin ƙarshe da aka nuna ranar 28 ga Fabrairu 1983 mutum sama da miliyan 100 suka kalla a Amurka, ba zan faɗi abin da ya faru a cikin motar bas ɗin nan ba, amma kar ka kalle shi da dare kana kai kaɗai.

Turancinsu da sauri yake kuma cike da habaici da sunayen 'yan fim da mawaƙan 1950 da ba mu sani ba, don haka ka nemi mai rubutu a ƙasa. In data ta yi maka tsada kar ka wahalar da kanka da zango na 1, ka ɗan taɓa na 3 don ka san Henry Blake, sannan ka zarce daga na 4, kar ka tsallake kashin ƙarshen zango na 4 da ɗan jarida ya yi hira da su, wanda aka ɗauka baƙi da fari. A wurina 8 cikin 10.