Wasiƙa daga Palma: ɗinkin da nake yi yanzu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaye ni me tela kamar ni yake ɗinkawa a birnin Palma da ke tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen, tunda ba a sa babbar riga a nan. To, jiragen ruwa nake yi wa ɗinki. Filafilai muke yi, wato manyan zannuwan da ake ɗagawa a jigon jirgi, iska ta bugi cikinsu ta tura shi.

Wanda ke hannunmu yanzu na wani jirgi ne mai tsawon mita 24. Mai shi yana yawon shaƙatawa da iyalinsa, sannan in lokacin gasar jiragen ruwa ta Copa del Rey ya yi, ya shiga tsere. Babban filafilinsa mita 30 ne a tsaye, mita 10 a gindi. Ka ninka su ka raba biyu, murabba'in mita 150 ke nan, har da ɗoriya, domin gefen baya ana yi masa lanƙwasa. Ƙasan ɗakin gaba ɗaya shi ne teburinmu, keken kuwa a rami yake, mai ɗinki na zaune ciki.

Yadin iri biyu ne. Akwai Dacron, saƙaƙƙe, mai araha da jure wahala, yakan kai shekara 10, amma a hankali yake miƙewa, tumbin filafilin, wato inda iska ke kumbura shi, ya koma baya, jirgi ya riƙa kwantawa gefe maimakon gudu. Akwai kuma na zaren kabon, irin 3Di na kamfanin North Sails, wanda ake gasawa a kan ƙira a jihar Nebada ta Amurka. Ba nauyi, ba ya sakin siffarsa, sai dai tsada kamar me. Ga babban jirgi irin wannan, ni na fi yarda da shi, don Dacron mai kaurin da zai ɗauki wannan ƙarfi sai mutum huɗu su sha wuya kafin su ɗaga shi. Rana ce babbar maƙiyiyarsu duka biyun, kuma ranar nan ta fi ta Ingila zafi nesa ba kusa ba.

Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda aikin ya zo mana. Mai jirgin ya fara yin oda ta intanet daga wani kamfani na nesa, ya tura musu awon da ke takardar jirgin. Ashe an taɓa sauya jigon. Filafili ya iso ya ɗara da taƙi guda, ya ƙi miƙewa, kuɗi masu yawa sun tafi. Mu kuwa sai mun hau jirgin da tef, mun auna jigo da lanƙwasarsa, sannan bayan ɗinki mu fita teku tare mu ga yadda ya zauna. A Kawus, wani garin bakin teku a Ingila inda na fara aiki, haka suke yi, sun ma fi mu cika alkawarin rana, amma mutanen Palma sun fi su hannu a manyan jirage.

Ranar Litinin za mu fita gwaji. Ka gaida Inna, ka ce mata da rigar ceto nake shiga ruwa.